Yaran Ajin Gora da Gauraki Dubu na Hiroshima

A watan Nuwamba na 1955 shugabannin ƙananan makarantun sakandare daga ko'ina cikin Japan suka hallara a birnin Hiroshima domin babban taronsu na ƙasa. A bakin ƙofar zauren suka tarar da wasu 'yan yara maza da mata, masu shekara 12 zuwa 13, rungume da takardu kusan 2,000 da suka buga da kansu, suna miƙa wa duk wanda ya zo wucewa. Roƙo guda takardar ke ɗauke da shi: a taimaka musu su gina wurin tunawa da yaran da bam ɗin atom ya yi ajalinsu. Ko wata guda ba a yi ba da rasuwar ƙawarsu Sadako Sasaki, wadda sankarar jini ta ɗauke ranar 25 ga Oktoba tana da shekara 12.

Sunan Sadako ya karaɗe duniya tun tuni. Yaran da suka tsaya a bakin ƙofar nan kuwa ba kowa ya san da su ba, alhali da ba don su ba, da ita ma ta bi sahun sauran yaran Hiroshima da cutar ta kashe aka binne sunansu tare da su.

An haifi Sadako ranar 7 ga Janairun 1943, 'yar wani mai shagon aski, Shigeo Sasaki, da matarsa Fujiko. Tana da shekara 2 lokacin da jirgin yaƙin Amurka ya saki bam a kan birnin, da ƙarfe 8:15 na safiyar 6 ga Agustan 1945. Gidansu na unguwar Kusunoki, ƙasa da kilomita 2 daga inda bam ɗin ya tarwatse. Ƙarfin fashewar ya yi jifa da ita, amma da aka ɗago ta ba a ga ko ƙwarzane a jikinta ba. Kakarta ta koma gida ɗauko wani abu, ba ta sake fitowa ba. Uwar ta gudu da 'ya'yanta wajen kogi, can kuma baƙin ruwan saman nan mai danƙo, wanda ya sauko da toka da gubar nukiliya, ya jiƙe su. Kafin ƙarshen shekarar mutum kusan 140,000 sun mutu a Hiroshima, cikinsu har da ɗalibai fiye da 6,000 da aka fito da su daga aji domin aikin rushe gidaje, a buɗe hanyoyin da za su tare gobara.

Shekara tara Sadako ta yi lafiyarta ƙalau. Ta shiga firamaren Noboricho, kuma a aji shida ta faɗa ajin da ake kira Gora, hannun wani malami mai suna Tsuyoshi Nomura. Abin da aka san ta da shi gudu ne. A gasar wasanni ta farkon shekarar karatu ajin Gora ya zo na ƙarshe a tseren miƙa sanda, abin ya yi wa yaran ciwo, suka dinga atisaye kullum bayan an tashi. Da gasar kaka ta 1954 ta zo, suka lashe, Sadako na cikin gwanayen da suka kai su. Wannan ne ya ɗinke ajin ya zama tsintsiya ɗaya, kuma wanda bai san da tseren nan ba zai yi wuya ya gane abin da ya sa yaran suka nace daga baya.

Makonni kaɗan bayan nasarar sai kumburi ya fito mata a wuya da bayan kunne. A watan Janairun 1955 wasu tabo masu launin shunayya suka bayyana a ƙafafunta. Aka gwada jininta, likitoci suka gaya wa uban cewa sankarar jini ce, kuma da ƙyar ta wuce shekara guda. Ranar 21 ga Fabrairu aka kwantar da ita a asibitin Red Cross na Hiroshima.

A lokacin cutar ba baƙuwa ba ce a garin. Kamar shekara biyu zuwa uku bayan bam ɗin likitoci suka fara ganin tana yawaita a cikin waɗanda suka tsira, ta kai ƙololuwa a farkon shekarun 1950, kuma ta fi kama waɗanda suke ƙanana a ranar da abin ya faru, musamman na kusa da tsakiyar birni. Wani likitan yara na wannan asibitin, Takuso Yamawaki, na cikin waɗanda suka fara lura, kuma a 1952 shi da wasu likitocin Amurka biyu suka wallafa binciken da ya tabbatar da haka. Sai dai magana a kan illar bam ɗin ta daɗe a daure. Har zuwa 1952 Japan na ƙarƙashin mamayar sojojin ƙawance, waɗanda suka yi shekaru suna tace abin da jaridu za su buga. Amurka ta kafa wata hukumar bincike, ABCC, wadda ke kiran waɗanda suka tsira ta auna su, ta ɗibi jininsu, ta rubuta, amma ba aikinta ba ne ta yi musu magani. Mutanen gari sun daɗe suna jin haushin wannan, kuma da gaskiyarsu. Ita ma gwamnatin Japan ba ta yi dokar ɗaukar nauyin jinyar waɗannan mutane ba sai a 1957, shekara biyu bayan Sadako ta rasu. Saboda haka kuɗin ƙarin jini da na allurai a kan mai aski suka faɗa, mutumin da bashi ya riga ya yi wa katutu.

Maganin ma ina yake? A 1948 ne wani likita a Boston, Sidney Farber, ya nuna cewa akwai ƙwayar da ke iya danne sankarar jini a jikin yara na ɗan lokaci, amma cutar kan dawo. Yau a ƙasashe masu hali yawancin yaran da suka kamu da nau'in da ya fi yawa suna warkewa. A 1955 kuwa wanda aka ce yana da ita sai dai a fara ƙirga watanni.

Ba a gaya wa Sadako sunan ciwonta ba, domin haka al'adar likitocin Japan take a wancan zamani. Amma yarinya ce mai wayo. Bayan rasuwarta aka tarar da wata 'yar takarda da ta ɓoye, inda ta yi ta rubuta adadin ƙwayoyin jininta duk lokacin da aka yi gwaji. Ta san abin da ake ciki ke nan, ta kuma bar iyayenta suna zaton ba ta sani ba.

A farkon Agusta wasu ɗalibai 'yan mata daga Nagoya suka aiko wa marasa lafiyan asibitin kyautar tsuntsayen takarda masu launi iri-iri. Tsuntsun shi ne wanda Japanawa ke kira tsuru, ɗan'uwan gauraka, dogo, fari, mai jan tabo a ka. Tun da daɗewa suna ɗaukarsa alamar tsawon rai, har suna cewa yakan yi shekara dubu. Ninke takarda mai kusurwa huɗu ta zama siffarsa, ba almakashi ba gam, tsohuwar sana'ar hannu ce da kusan kowane yaro ke koya a gida. Akwai littafi da aka buga tun 1797 mai koyar da yadda za a fitar da gauraki da yawa a manne da juna daga takarda guda. Daga nan aka samu al'adar ninke dubu, a zura su a zare, a kai wa mara lafiya, da imanin cewa wanda ya cika dubun za a biya masa buƙatarsa.

Sadako da abokiyar ɗakinta, Kiyo Okura, wadda ta ɗan girme ta, suka duƙufa. Takarda na da tsada, don haka sai ta riƙa bin ɗakunan marasa lafiya tana roƙon takardun da aka ƙunso magani ko alewa ko kyautar dubiya, ta miƙar da su, ta yanka. Kafin ƙarshen watan ta haura dubu. Ba ta warke ba, ba ta kuma daina ba. Gaurakin suka riƙa ƙanƙancewa, har ya zama wasu ba su fi ƙwayar shinkafa girma da yawa ba, sai da tsinin allura take iya lanƙwasa su. Wanda ya je gidan tarihin zaman lafiya na Hiroshima zai ga wasunsu a cikin gilashi.

To, ina 'yan ajin Gora a duk wannan lokaci? Da farko sun yi ƙoƙari. Sun tsara zuwa dubiya bi da bi, suna kai mata labarin makaranta. Amma shekarar karatu a Japan a watan Maris take ƙarewa, a Afrilu suka shiga ƙaramar sakandare, aka rarraba su cikin sabbin azuzuwa, ga sabbin abokai, ga wasanni, ga jarrabawa. Ƙafa ta fara ɗaukewa. Ba mugunta ba ce, halin ɗan shekara 12 ne, wanda bai taɓa kawo wa ransa cewa tsararsa na iya mutuwa ba. Sunan Sadako na cikin rajistar sabuwar makarantar, amma ko rana ɗaya ba ta zauna a aji ba. Da labarin rasuwarta ya iso, yaran suka je suka gan ta kwance cikin kimono mai zanen furanni da iyayenta suka yi mata duk da rashin kuɗi, sai nadama ta rufe su. Da yawansu su ma suna garin ranar da bam ya faɗi, sun kuma san cewa abin da ya same ta na iya kasancewa kwance a jinin kowannensu.

Tunaninsu na farko ƙarami ne: su yi karo-karo su yi mata wani abu, ko da alama ce a kan kabari. Wanda ya faɗaɗa musu shi wani saurayi ne, Ichiro Kawamoto, talaka mai aikin ƙarfi, wanda ya shiga birnin aikin ceto bayan fashewar bam, daga nan kuma ya sadaukar da rayuwarsa ga marayu da marasa lafiya. Shi ya ba su shawarar kada su tsaya a kan Sadako ita kaɗai, su gina abin da zai tuna da dukkan yaran da suka mutu. Yaran suka karɓa, suka kafa ƙungiya da sunan kokeshi, 'yar tsanar katako da Sadako ke so, suka nufi taron shugabannin makarantu da takardunsu.

Sun kuma yi sa'ar lokaci. A ranar 1 ga Maris na 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibirin Bikini, tokarsa ta zubo a kan wani jirgin kamun kifi na Japan, Daigo Fukuryu Maru, kuma a watan Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya mutu. Mutane suka ƙaurace wa kifi a kasuwa don tsoron guba. Matan aure na unguwar Suginami a Tokyo suka fara tattara sa hannu na neman a hana irin waɗannan makamai, har aka samu sama da miliyan 30. A Agustan 1955, Sadako na kwance a asibiti, aka yi taron duniya na farko na adawa da makaman a nan Hiroshima. Ƙasar da ta yi shekara goma tana haɗiye maganar ta fara buɗe baki, sai ga yara sun zo da labarin da kowa zai iya riƙewa.

Shugabannin makarantu suka koma garuruwansu da takardun a aljihu, ba da jimawa ba kuɗi suka fara shigowa. A Janairun 1956 aka kafa babbar ƙungiya ta ɗaliban firamare da sakandare na birnin baki ɗaya domin ta riƙe aikin. Yara suka riƙa tsayawa a bakin titi da akwatunan neman taimako, suna rubuta wasiƙun godiya ɗaya bayan ɗaya. Makarantu fiye da 3,000 na Japan suka aiko da gudummawa, wasu kuma daga ƙasashen waje, har aka tara yen miliyan 5 da dubu 400, akasarinsu daga kuɗin kashewar 'yan makaranta.

Ranar 5 ga Mayun 1958, wadda ita ce Ranar Yara a Japan, aka buɗe hasumiyar tunawar a cikin Dandalin Zaman Lafiya, filin da aka shimfiɗa a inda unguwar Nakajima take kafin bam ya shafe ta. Tsayinta mita 9 ne, a kan ƙafa uku, aikin wani gwanin sassaƙa, Kazuo Kikuchi. A can sama akwai yarinya ta tagulla ta ɗaga hannuwa biyu tana riƙe da gauraka, a gefe kuma yaro da yarinya. A ciki aka rataya ƙararrawa mai ɗauke da rubutun hannun Hideki Yukawa, masanin kimiyyar da ya fara kawo wa Japan kyautar Nobel a 1949. A kan dutsen da ke ƙasa an sassaƙa gajeren kira na neman zaman lafiya a duniya, da muryar yara. Ba da sunan Sadako aka kira hasumiyar ba, da sunan yaran bam ɗin baki ɗaya aka kira ta, kamar yadda aka yi alkawari.

Daga nan labarin ya fita hannun masu shi. An yi fim a kansa a 1958. Ɗan jarida Robert Jungk ya kai shi Turai a littafinsa na 1959, marubucin Austriya Karl Bruckner ya mai da shi ƙagaggen labari a 1961, sannan a 1977 Eleanor Coerr, haifaffiyar Kanada, ta fitar da ɗan littafin yara da ya shiga makarantun Amurka da sauran ƙasashe. A nan ne aka yaɗa cewa Sadako ta mutu tana da gauraki 644 kacal, ƙawayenta suka cika sauran aka binne ta da su. Yayanta Masahiro ya sha faɗa cewa ba haka aka yi ba, kuma gidan tarihin Hiroshima na bayansa. Ba wuya a ga abin da ya sa ƙirƙirarren ya fi karɓuwa: yana barin ƙofa a buɗe, wai da ta cika dubun da wataƙila ta tashi. Gaskiyar ta fi ɗaci, domin ta cika, ba abin da ya sauya, ta ci gaba. Kuma ƙirƙirarren ya rage wa ƙawayen daraja yana zaton ƙara musu yake yi. Ninke gauraki 356 aikin 'yan kwanaki ne ga aji guda, su kuwa shekara biyu da rabi suka yi suna bin manya da akwati.

Akwai wata yarinyar da ba ta samu marubuci irin wannan ba, amma tana bin birnin bashin abin da ya fi hasumiyar shahara. Hiroko Kajiyama na da shekara 1 lokacin bam ɗin, ta rasu da sankarar jini a 1960 tana da shekara 16. A wancan lokaci ana ta gardama kan kangon tsohon zauren baje kolin masana'antu, ginin 1915 mai ƙubba da ya tsaya a kusa da inda bam ya fashe. Wasu na cewa a rushe shi, ganinsa na tayar musu da mikin da suke so ya warke, kuma yana iya ruftawa kan mutane. A cikin littafin da Hiroko ke rubuta al'amuranta na yau da kullum aka ga ta rubuta cewa wannan kangon ne zai ci gaba da gaya wa na baya munin abin da ya faru. Kawamoto da yaran ƙungiyar Gaurakin Takarda, wadda ta tsiro daga aikin hasumiya, suka ɗauki maganar, suka sake fita titi neman sa hannu da kuɗi. A 1966 majalisar birni ta yanke shawarar a adana ginin, magajin gari Shinzo Hamai ya fita da kansa neman gudummawa, kuma a 1996 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Wasu yaran ma sun kwaikwayi na Hiroshima. 'Yan wata firamare a Albuquerque ta jihar New Mexico sun tara kuɗi sun yi nasu abin tunawar, da niyyar kafa shi a Los Alamos, garin da aka ƙera bam ɗin. Majalisar yankin ta ƙi ba su fili, sai a Albuquerque aka buɗe shi a 1995. Masahiro kuwa, wanda ya gaji sana'ar gyaran gashi, ya riƙa rarraba 'yan gaurakin ƙanwarsa da suka rage a hannun iyali zuwa wuraren da ke da nasu mikin: cibiyar tunawa da harin 11 ga Satumba a New York, da Pearl Harbor a 2013, da ɗakin karatu na Harry Truman, shugaban da ya ba da umarnin jefa bam ɗin, da taimakon jikansa Clifton Truman Daniel. Da Barack Obama ya je Hiroshima ranar 27 ga Mayun 2016, shugaban Amurka na farko da ya je yana kan mulki, gauraki huɗu na takarda ya bari.

Al'adar ta girma har ta zame wa hukumar birni aiki. Kimanin gauraki miliyan 10 ke isowa gindin hasumiyar kowace shekara, nauyinsu ya kai tan 10, wasu ta gidan waya, wasu a hannun 'yan makarantar da ake kawowa yawon buɗe ido, waɗanda kan jeru su yi waƙa su rataya nasu. An kewaye wurin da rumfuna masu gilashi don kare su daga ruwa. A 2003 wani ɗalibin jami'a ya cinna wa kusan 140,000 wuta, abin da ya sa aka ƙara tsaro. Babbar matsalar dai ita ce inda za a kai tsofaffin idan sababbi sun zo. An yi zamanin da ake ƙona su, aka yi zamanin da ake jibge su a ɗakunan ajiya har wuri ya yi kaɗan. A zamanin magajin gari Kazumi Matsui, wanda ya hau a 2011, aka tsai da shawarar a riƙa ba da su ga ƙungiyoyi da kamfanoni su sarrafa. Ana cire zare da hannu, aikin da cibiyoyin masu buƙata ta musamman ke yin kaso mai yawa daga ciki, sannan a jiƙa takardar a mai da ita sabuwa, mai ɗigo-ɗigon launuka. Da ita ake yin katin gaisuwa da littattafan rubutu, kuma makarantun birnin na buga takardun shaidar kammala karatu na ɗalibansu a kanta.